Wuƙar da Na Ƙera Maka da Ƙarfen Sama

Zuwa ga ƙanena Habibu, wanda mutane ke kira Farfesa, a duk ƙasar da wannan takarda ta same shi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyalinka, ina sanar da kai cewa ni yayanka Ilu ina nan da raina a Gyaɗi-Gyaɗi, a gidan da aka yanke mana cibiya, kuma har gobe ban huce ba.

Shekara arba'in ba kaɗan ke nan da ka tsaya a ƙofar gidan nan, gaban maƙwabta da abokan Baba, ka kira ni jahili. Ba kalmar ce ta fi ci mini rai ba. An kira ni da abin da ya fi ta muni a kasuwar Tarauni, na rama, an wuce wurin. Abin da ya tsaya mini a maƙoshi shi ne, a ranar na gaya maka wata magana a kan ƙarfen nan da ya faɗo mana daga sama, ka kwashi ƙarfen da maganar ka tafi da su, har yau ba ka waiwayo ka ce mini "Yaya, gaskiyarka" ko "Yaya, ka yi kuskure" ba.

Ka san ban yi boko ba. Da ajami na rubuta wannan. Maƙwabcina Malam Bitrus, mutumin Filato, tsohon malamin kimiyya a sakandare, ina karanta masa shi kuma yana juya ta zuwa boko, kuma shi zai ɗora ta a waya inda jama'a ke karantawa, tunda wasiƙa uku na aika maka ta gidan waya ko tari ban ji ba. Kowane layi sai ya karanta mini na ji da kunnena. Sau biyu yana neman ya sassauta wata kalma, na ce masa in ya taɓa mini magana, bana ya yanka kazar Kirsimetinsa da farce, don ba zan wasa masa wuƙa ba. Ya bar maganar yadda take.

Abin da ya tayar da zancen shi ne aikenka. Makon jiya Hajiya Rabi, yayar matarka, wadda ke aikin jinya a babban asibiti, ta sauka daga a-daidaita-sahu a bakin maƙerata da farin takalminta, tana tsallake gawayi kamar mai tsallake kashin kaji. Ta ce kai ka turo ta, wai in ba ta wuƙar. Na ba ta kujera, na ba ta ruwa, na ce ta gaishe ka. Ta koma hannu rabbana.

Wuƙar da ka saki ta faɗi ƙasa, Habibu? Ita ce yau ta zama abin aike?

Bari in tuna maka daga farko, tunda na lura yawan karatu yana kawo mantuwa.

A lokacin bayan Darmanawa duk gonaki ne, babu waɗannan gine-ginen. Kana makarantar kwana. Ni da Baba muna cirar gyaɗa da la'asar, sama tas babu ko gajimare, sai muka ji ƙara kamar aradu, wani dogon gurnani ya biyo baya, sannan wani abu ya yi fito ya daki ƙasa a kunyar ƙarshe. Jakinmu ya tsinke igiya. Baba ya durƙusa yana salati. Ni na tafi na duba, don tun ina yaro ba a iya hana ni duba abu.

Rami ne da ya kai gwiwa. A cikinsa ga wani baƙin abu kamar kan rago, jikinsa duk a lotse kamar an danna yatsu a malmalar tuwo. Daga baya mutane sun yi ta cewa wuta yake ci, har ya ƙone rabin gona. Ƙarya suke. Ni na fara sa masa hannu. Ɗumi kawai gare shi, irin na kwanon da aka juye miya. Da na cicciɓe shi, nauyin ya gaya mini ko mene ne. Na ce wa Baba wannan ba dutse ba ne, ƙarfe ne.

Baba ya hana a nuna masa wuta ko guduma. Ya ce, "Abin da ya sauko da kansa, a bar shi ya zauna da kansa." Shekara da shekaru yana ƙarƙashin gadon Inna. In ka zo hutu sai ka jawo shi ka tasa a gaba, a yi ta kiranka cin tuwo ba ka ji. Saboda shi ka karanta ilimin duwatsu, kai da bakinka ka faɗa. Ni kuwa ina kan zugazugi, don Baba ya ce ɗaya ya tafi boko ɗaya ya riƙe wuta, kuma ba wanda ya tambaye ni wanne nake so. Ban taɓa yi maka gorin wannan ba, yau ma ba gori nake yi ba.

Baba ya rasu kana ƙasar Turawa. Da ka kusa gamawa ka rubuto, aka karanta mini: "Yaya, ka adana mini ƙarfen nan, ina nan dawowa, shi nake so."

To kai ɗan maƙera ne, ko ka manta. A gidanmu ba a kyautar ɗanyen ƙarfe. Kaka ya sha faɗa mana cewa wanda ya miƙa wa mutum ƙarfen da bai sha wuta ba, ce masa ya yi, ba ka kai in yi gumi dominka ba. Ko ƙusa za ka ba mutum, ka buga ta tukuna. Ƙanena zai dawo da digirin da ba wanda ya taɓa yin irinsa a unguwa, ni kuma in tare shi da dunƙulen ƙarfe kamar na tsinto a juji? Me za a ce da ni? Me zan ce da kaina?

Akwai wani ɓangare a jikinsa da ya fito kamar kunne. Shi na yanke. Kwana goma sha tara ina gurzarsa da zarto, bakin zarto nawa ya mutu ban tsaya ƙirgawa ba. Na goge wurin yankan da magagari, na bi da lallausan yashi har ina hango haƙorana a ciki. A lokacin maƙerar tana nan zauren gida, ban koma Tarauni ba. Na ɗora shi a gefen wuta, ba tsakiya ba, yadda ake yi wa baƙon ƙarfe don a ga halinsa.

Kafin ya yi ja sai ga zane ya fito. Layuka ne, wasu ruwan zuma wasu shuɗi-shuɗi, sun ratsa juna kamar saƙar tabarmar kaba, kowanne ya san inda ya dosa. Na saki zugazugi na ƙwalla wa Inna kira. Ta fito da muciya a hannu, ta leƙa, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ilu, wannan ai saƙar Allah ce." Mu biyu kaɗai muka gani. Da na tura shi tsakiyar wuta na fara duka, zanen ya tafi, bai kuma dawowa ba.

Ƙarfe ne mai taurin kai irin na mutanen gidanmu. Akwai wasu ɗigo-ɗigo a cikinsa masu warin farar wuta, duk inda suke nan yake tsagewa, sai in ninke in sake haɗawa. Na tsoma shi a ruwa yana ja, ya ƙi yin tauri yadda ƙarfen sifirin mota yake yi. Sai da ya huce na dinga bin bakin da ƙaramar guduma, kwana da kwanaki, kafin ya yarda. Haskensa fari-fari, ba irin na baƙin ƙarfenmu ba. Na yi wa wuƙar ƙota da icen kanya, badukun unguwa ya ɗinka mata kube da jar fata. Tun da nake ƙira ban taɓa yin abin da ya kai ta ba, kuma bayanta ma ban yi ba.

Ranar da ka dawo Inna ta kwana biyu tana suyar funkaso. An baza tabarmi a ƙofar gida, abokan Baba sun zo, liman ya zo. Na sa babbar rigata, na miƙa maka wuƙar da hannu biyu. Ka zare, ka juya ta, ka yaba, sannan ka tambaye ni da wane ƙarfe na yi ta. Da na faɗa sai fuskarka ta canza. Kalmominka suna nan a kunnena ko ɗaya bai ɓata ba: "Ka san abin da ka ƙone? Wasiƙa ce da aka rubuta tun ba a yi duniya ba, ka jefa ta a wuta don ka yi wuƙar yanka albasa. Wannan shi ne jahilci." Ka sake ta ta faɗi a kan tabarma. Liman ya sunkuyar da kai. Inna tana bayan ƙyaure tana ji.

Na sunkuya na ɗauka, na mayar da ita kube. Ban zage ka ba, akwai shaidu, ko da yake yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ce maka na yi, wannan ƙarfen an riga an narka shi an tace shi kafin ya zo mana, don babu kashin maƙera ko ƙwaya ɗaya a cikinsa. Ina yaro Kaka ya kai ni ƙauyensu na ga ƙarshen masu narka tama da idona, na ga ƙarfe ba ya rabuwa da dattinsa sai wuta ta kai wuta. Na kuma ce maka duk tukunyar da aka dafa shi a ciki ƙatuwa ce, a rufe take, kuma a hankali ƙwarai ya huce. Ƙarfen da aka tsoma a ruwa, in ka karya shi ƙwayarsa kamar gari take. Wanda aka binne a toka ya kwana, ƙwayarsa ta fi girma. Wannan kuwa daga tsaye nake hango layukansa, ka ga ba kwana ɗaya ya yi a toka ba, ba kuma shekara ɗaya ba.

Ka yi dariya ta hanci. Ka ce, "Yaya, ba a auna sama da zugazugi." Bayan sati biyu ka naɗe babban ɓangaren a zanen Inna ka hau jirgi.

Can bayan wasu shekaru ka aiko wa Inna hoto. Ga ƙarfenmu a cikin akwatin gilashi, an yanka shi an goge, saƙar nan da ni da ita muka gani ta fito ɓaro-ɓaro. Inna ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Ga ta nan kuwa." A gefensa akwai ɗan kati da rubutun Turanci. Duk ɗan bokon da na nuna wa sai ya ce sauri yake yi. Hoton ya daɗe a bango, sai da Malam Bitrus ya tare a gidan da ke jikin namu na ciro na kai masa. Ya sa tabarau, ya karanta, ya ce rubutun ya dushe. Na ce masa mai zuwa coci duk Lahadi bai kamata ya yi ƙarya ranar Talata ba. Sai ya faɗa mini abin da katin ya ce. An samo shi kusa da Kano, wani maƙeri ya lalata gefe ɗaya.

Wani maƙeri. Ciki ɗaya muka fito, nono ɗaya muka sha, na zama wani maƙeri. Kuma duk wanda ya tsaya gaban gilashin nan, daga kowace ƙasa ya fito, abin da zai sani game da ni ke nan.

Abin da kai ba ka zauna ka yi mini bayaninsa ba, Malam Bitrus ya yi. A ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida muke zama bayan la'asar, shi da rediyonsa ni da gorona. Ba rana ɗaya ya yi ba, don ba na barin magana ta wuce sai na juya ta na ga bayanta.

Ya ce masana irinku sun gano cewa kafin a yi duniya, rana tana jaririya, abin da ke kewaye da ita hayaƙi ne mai zafi da ƙura. Da ya fara hucewa, abubuwan da suka fi jure wuta su suka fara daskarewa, sannan ƙarfe da dutse, masu tsoron zafi irin su ruwa kuwa sai can nesa da rana suka samu wurin zama. Ya ce ba mafarki suka yi ba, a cikin duwatsun da ke faɗowa suka karanta. Wai akwai irin da bai taɓa narkewa gaba ɗaya ba tun daga wancan zamani. In an fasa shi sai a ga wasu fararen ɗigo, su ne mafi tsufa a duk abin da hannun ɗan'adam ya taɓa riƙewa, shekara miliyan dubu huɗu da ɗari biyar da ɗoriya. Ni wannan lissafi ya fi ƙarfin kaina, Allah ne masani. Sai kuma wasu 'yan ƙwallaye kamar ƙwayar gero, wai ɗigon narkakken dutse ne da ya daskare yana shawagi, bai taɓa ƙasa ba, don ƙasar ma babu ita.

Da ya zo nan na ce ya tashi. Na kai shi Tarauni, na share gindin uwar maƙera da tafin hannuna, na tara masa ƙurar a kan takarda. Ga su nan, 'yan ƙwallaye baƙaƙe, sumul. Na ce masa tartsatsi ne. In ana haɗa ƙarfe da ƙarfe yana tashi a narke, kafin ya sauka ya dunƙule. Ya daɗe yana mirgina su da yatsa, sannan ya ce, "Ilu, da an sa ka a aji, da mu malamai mun sha wuya." Na ce masa ai yanzu ma kana sha.

Sannan ya zo kan namu. Ya ce wannan ƙurar da ƙwallayen su suka dinga mannewa da juna har suka zama ƙananan duniyoyi. Wasu suka yi zafi daga cikinsu har suka narke, ƙarfe mai nauyi ya nutse tsakiya, dutse ya taso sama ya rufe shi kamar murfi. A ƙarƙashin wannan murfin ƙarfen ya yi ta hucewa, a shekara miliyan guda ɗan kaɗan zafin yake raguwa. Ya ce akwai wani farin ƙarfe a gauraye da shi wai shi nikel, kuma a wannan dogon hucewar ne mai nikel da yawa da mai kaɗan suka ware, kowa ya ja layinsa, shi ne saƙar. Daga baya duniyoyin suka yi karo da juna suka farfashe, gutsuren zuciyar ɗaya ya yi ta yawo har Allah ya kawo shi gonar gyaɗar Baba.

To Farfesa, tsakaninka da Allah, ina bambancin wannan da abin da na faɗa maka a ƙofar gida? An narka, an tace, tukunya babba, a rufe, ya huce a hankali. Ku kun sa masa lamba da sunayen Turanci, na yarda, ni ba ni da su. Amma na'urarku ta shekara nawa kafin ta iso inda idona ya kai a yini ɗaya?

Ban ce ban yi ɓarna ba. Malam Bitrus bai ɓoye mini ba, ya ce da faɗin layukan nan ake gane tsawon lokacin da ƙarfen ya ɗauka yana hucewa, kuma wutata ta shafe su a ɓangaren da na ƙera. Na ji zafin wannan, don ni na ga saƙar, na san kyanta fiye da mai kallonta ta bayan gilashi. Amma kunne ɗaya na yanka, na bar maka kai sukutum. Kuma ka duba mini: wannan ƙarfen duniyarsa ta fashe, ba a ce an lalata shi ba. Ya keto sama fatarsa ta ƙone ƙurmus, ba a ce an lalata shi ba. Ku kun sa masa injin kun yanka, kun zuba masa ruwan guba don zane ya fito, wannan sunansa bincike. Wutar Ilu ce kaɗai ɓarna?

Sai ga shi yanzu. Na tambayi Hajiya Rabi me za ku yi da lalatacciyar wuƙa. Ta ce yadda ta fahimta, wuta tana shafe zane amma ba ta korar abin da aka gauraya a cikin ƙarfe. Nikel ɗin yana nan, da wasu sinadarai 'yan mitsi-mitsi da ake gane asalin ƙarfe da su, kamar yadda a da ake gane gidan mutum daga tsagar fuskarsa. Wai mutanen da can can, tun ba a iya narka tama ba, sun ƙera kayayyaki da irin wannan ƙarfe, kuma kuna so ku ajiye wanda ya sha wuta kusa da wanda bai sha ba, daga uwa ɗaya, don ku gane abin da hannun maƙeri yake canzawa da abin da ba ya iya canzawa. Ta ce da wuya a samu irin waɗannan biyun.

Na yi dariya har sai da tari ya sarƙe ni. Ashe jahilcin nawa ne ya zama darasi. Ashe gefen da wani maƙeri ya lalata shi ake nema da fitila. To shi wani maƙerin yana da baki, kuma ba a aiko masa surukai.

Inna ta rasu da wannan abu a ranta, ka sani ko ba ka sani ba. Ka zo ta'aziyya ka sauka a Hotoro gidan surukanka, kwana uku kana zuwa kana zama a can ƙarshen tabarma, kana gaishe ni kamar mai gaida ɗan haya. Kafin ta cika ta ce mini, "Ilu, ƙarfe ɗaya ba ya amo." Na san abin da take nufi. Agogon da ka aiko mini na mayar maka a cikin kwalinsa. Da za ka koma ban raka ka ko bakin titi ba. Da aka haifa maka 'yarka ta fari aka sa mata sunan Inna, ban aika ko goro ba. Waɗannan nawa ne, na ɗauka. Malam Bitrus ya ɗago kai yana kallona da ya zo wannan layin, na ce ya rubuta kawai, ba wa'azi na kira shi ba.

Da Hajiya Rabi ta miƙe za ta tafi, bakinta ya suɓuce. Ta ce tun bara ɓarin jikinka na dama ya yi rauni, ba ka iya riƙe alƙalami, magana ma sai a hankali. Ta ce ka hana a gaya mini.

Bayan tafiyarta na zauna har wutar ta mutu ban sani ba. Wani mai baro da ya kawo gyara ya gaji da sallama ya tafi.

Hannun daman nan na san shi, Habibu. Akwai tabo a gindin babban yatsa. Kana shekara huɗu ka lallaɓo bayan Baba ka damƙi awartaki ta wajen baki. Ni aka daka, don ni aka bar wa tsaronka, kuma ban yi kuka ba sai da na ga an shafa maka zuma kana ta miƙo mini hannun wai in hura. Da damina in kududdufin bayan unguwa ya cika ya shafe hanya, a wuyana kake hayewa zuwa firamare, allonka na boko a kaina, kana riƙe da kunnuwana kamar linzami, kana ce mini, "Yaya, yi sauri, za a rufe ƙofa." Ba ka yin barcin rana sai an kwantar da kai kusa da zugazugi. Inna takan ce wannan yaron da numfashin wuta aka yaye shi.

Ban san yaushe muka tsufa ba. Ni idona na hagu ya yi hazo, guduma babba ta fi ƙarfina, masu walda sun kwashe aikin, sai murhu da fartanya jefi-jefi. 'Ya'yana ba wanda ya gaji wutar. In na tafi an rufe maƙerar gidanmu ke nan.

Wuƙar tana nan. Ba ta taɓa yanka albasa ba. Ba ta taɓa yanka komai ba. Duk Juma'a kafin in tafi masallaci nakan zare ta in shafa mata man gyaɗa, don da damina tana son yin tsatsa. Kuben ya tsufa na sa an sake wani. Sau biyu masu neman kayan tarihi suna zuwa har gida, na ce musu ba tawa ba ce, ajiya aka ba ni. Taka ce tun ranar da na daki bakinta na ƙarshe. Ku auna ta, ku yanka ta, ku zuba mata abin da kuka ga dama, ba ruwana. Katin ma na yafe, ku bar shi yadda yake, ba a gilashi za a yi mini hisabi ba.

Allah Ya ba ka lafiya, ƙanena. Allah Ya warware maka hannunka da harshenka, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Allah Ya jiƙan Baba da Inna, Ya haskaka kabarinsu, Ya yafe mana abin da muka sa ta haɗiya saboda mu. Allah Ya raya maka zuriya, Ya sa kada ɗayanmu ya shiga ƙasa da ɗan'uwansa a maƙoshi. Amin.

Ni ne yayanka,
Ilu Maƙeri, Gyaɗi-Gyaɗi.

Malam Bitrus ya rufe biro, na ce ya buɗe, ban gama ba. Addu'a daban, magana daban. Ban ce ka hau jirgi da wannan jikin ba. Wayar Hajiya Rabi tana nuna fuska, na gani da idona tana magana da jikarta. Ta kawo ta maƙera, ka kalle ni in kalle ka. Ba haƙuri na ce ka ba ni ba, ban roƙa ba, kuma in ka bayar ban san inda zan ajiye shi ba. Tambaya ɗaya ce: abin da na faɗa a kan ƙarfen nan, daidai ne ko ba daidai ba? In harshe ya yi nauyi, kai yana gyaɗuwa. In ka gyaɗa, ko ka girgiza, a ranar Hajiya Rabi za ta tafi da wuƙar.

Ku kuma masu leƙen wasiƙar mutane, na san a cikinku akwai ɗalibansa, akwai masu digiri irin nasa. Kada wanda ya yi mini sharhi a ƙasa yana cewa Baba a yi haƙuri. Wanda ya san inda yake ya kai masa, ya karanta masa a kunne, da ƙarfi, kada ya tsallake layi ko ɗaya. Ina maƙera kullum daga hantsi zuwa la'asar, ban da Juma'a.

Habibu, da kai nake. Ka amsa mini.